Allon da Aka Kafa a Juji

Shekara takwas Attahir ya yi a Tanut yana wayar da kan jama'a, kuma iyakar saninsa jama'ar ba ta taɓa kai ƙara cewa kanta a duhu yake ba. Aikinsa shi ne ya hau babur ɗin sabis, wato ma'aikatarsu, ya shiga ƙauye, ya tara mutane ƙarƙashin itace, ya gaya musu su haɗa kai. Su kuma su ba shi fura, su ce sun ji, su raka shi har bakin gari don su tabbata ya tafi.

Kowace shekara bayan kaka yakan rubuta takardar neman a maida shi Damagaram. Can matarsa Ladi take da ƴaƴansu huɗu, a gidan da ya gina da guminsa amma bai taɓa kwana goma a jere a cikinsa ba. Autarsu ma kawu take ce masa, kuma in ya zo hutu takan tambayi uwarta yaushe zai koma gidansu. Takarda bakwai ya aika Yamai. Ko ɗaya ba a ce masa an gani ba.

A farkon shekarar 1982 shugaban sabis ɗinsu, Mushe Ilyasu (mushe shi ne malam a Faransanci), ya kira shi biro, wato ofishinsa. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda, ya riƙe ta daga nesa kamar mai nuna wa akuya dusa.

"Ka gane ta?"

Attahir ya hango sunansa, ya hango Damagaram. Takardarsa ta takwas ce, wannan karon an duba ta.

"Saura hatimina kawai," in ji Ilyasu, ya maida ta aljihun ya rufe. "Amma akwai ɗan aiki tukuna."

Ɗan aikin kuwa shi ne wannan. Wasu Turawa sun zo da sabon furoje, wato shiri, na tada koperatif, ƙungiyoyin haɗin kan manoma, a Damargu. Sun yi wata shida suna bincike a Yamai, a ɗaki mai sanyi, sun gano abin da ya kashe koperatif ɗin da suka gabata: rashin hangen nesa. Saboda haka kafin a canza komai, kafin a gyara ko ƙyauren magaza, ɗakin ajiyar koperatif, sai kowace koperatif ta faɗi a jimla ɗaya inda take son ta kai nan da shekara ashirin. Dole jimlar ta fito daga bakin jama'a, kwamiti ya dangwala yatsa, a rubuta ta a allo da Hausa da Faransanci. Ƙauyuka goma sha biyu aka zaɓa. Na Attahir shi ne Tudun Aduwa, can cikin kwarin Tarka, gaba da Belbeji.

"Nan da sati uku Baturen furoje zai zo zagaye. In allonka ya burge shi, na buga hatimi. In ka kunyata ni, akwai gurbi a arewa inda ko babur ba ya zuwa."

Attahir ya fita yana murmushi. Jimla ɗaya! Shi da ya yi shekara takwas yana rubuta rahoto mai shafi ashirin a kan taron da ba a yi ba.

Kwamitin Tudun Aduwa ya zauna ƙarƙashin aduwar da ke gaban magaza. Shugabansa Manzo ne, tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasashen da har yau bai san dalilin faɗan ba, ya dawo da lambar girma, da ɗingishi, da iya karatun Faransanci. Akwai Rissa, wakilin makiyaya, wanda rawaninsa ya rufe komai sai idanu. Akwai kuma Zalika, ungozomar gari, shugabar mata, wadda rabin mutanen da ke zaune a wurin ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba wanda ke ɗaga mata murya.

Attahir ya yi bayani tiryan-tiryan. Sa'annan ya buɗe littafi ya ce, "To, Baba Manzo, nan da shekara ashirin ina kuke son ku ga kanku?"

"A maƙabarta, in an yi sa'a an samu mai tonawa."

"Ba kai ba, Baba. Koperatif."

"Mushe, kai aka nuna wa shekara ashirin ɗin? Mu ko damina mai zuwa ba a nuna mana ba."

Ya juya wajen Rissa. "Kai fa? Garkenku, ya kuke son ya zama?"

"Wane garke?"

"Raƙuman da na wuce a rijiya, sun fi ɗari."

"Ban gan su ba," in ji Rissa. "Ni dai ina da wata taguwa gurguwa, ita ma ta ƙanwata ce."

"To ina kake son ka kai ta?"

"Inda zan yi kiwo sati mai zuwa ko ƙanena ban gaya wa ba. Sai in gaya wa allo?"

Manzo ya yi dariya. "Bar shi, Mushe. Wannan ko sunansa ka tambaya sai ya ce na aro ne."

"Kai kuma rumbunka uku cike, amma kullum kukan yunwa," in ji Rissa.

"Tuf! Bakinka ya sari dutse!" Manzo ya tofa yawu gefe, fuskarsa ta canza. Ba a ƙara dariya ba.

Kwana uku ana haka. Da Attahir ya ga bakin jama'a ba zai fitar da komai ba, sai ya yi abin da aka koya musu a wajen horo: ya rubuta abin da jama'a za su faɗa da a ce sun san abin da suke so. Ranar kasuwa ya tara gari, ya miƙe, ya gyara murya, ya karanta:

"Nan da shekara ashirin Tudun Aduwa za ta zama rumbun Damargu: kowane gida cike da hatsi, kowace rijiya cike da ruwa, dabbobi ba su ƙirguwa, yara duka lafiya lau."

Ya ɗaga kai yana jiran tafi. Abin da ya gani shi ne mata suna jan ƴaƴansu suna rufe su da zane. Liman yana ta a'uzu. Manzo ya toshe kunnuwansa da yatsu. Rissa kuwa tuni ya hau raƙumi ya nufi rijiya da gudu, don ya kawar da garken da ba shi da shi daga inda maganar za ta iske shi. Kafin la'asar ƙyauren magaza ya faɗo. Shekara biyu ƙyauren yana rataye da ƙusa ɗaya, amma babu wanda ya ga amfanin tuna wannan.

Washegari ba wanda ya zo taro sai kwamiti, su ma nesa da shi suka zauna.

"Mushe, me muka yi maka?" in ji Manzo. "Mun hana ka fura ne?"

"Baba, alheri fa na faɗa."

"Shi ne ai. A bainar jama'a, ranar kasuwa, da rana tsaka."

Zalika ce ta yi masa bayani, a hankali, kamar mai lallashin mai haihuwar fari. "Ɗana, zauna ka ji. Koperatif uku muka binne a garin nan. Ta farko ta gyaɗa ce. Ranar buɗe ta aka yi kiɗa, wani mai tabarau ya ce za mu yi dalar gyaɗa har a hango daga Tanut. Ciwo ya shiga gyaɗa, ko iri ba mu tsira da shi ba. Ta biyu ta rumbun tsimi. Aka yanka sa, aka ce yunwa ta yi ban kwana da Damargu. Ka san abin da ya biyo baya, ba sai na faɗa ba. Ta uku ta awaki, aka ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, aka ɗauki hoto. Ina awakin?"

"Inna, ai fari ne, da rashin tsari..."

"Wabi ne," in ji Zalika. "Garin nan wabi yake yi. Ya haifa, a yi murna, a yaba, abin ya koma. Ni na san wabi, shekara arba'in ina fama da shi. Macen da ƴaƴanta ke mutuwa, in ta sake haihuwa ba a guɗa. Ba a saya wa jariri sabon zane. A ɗauke shi a kai shi juji a ajiye, a ce ba mai so. A raɗa masa Ajuji, ko Ayashe. Abin da ke ɗauke su ya zo ya duba, ya ga ba wanda ya damu, ya wuce. Ga Manzo nan, ka gan shi da lambar soja, a kan toka na ga uwarsa ta yar da shi."

"Har kaji sun fara tsattsage ni," in ji Manzo da alfahari.

"To, in jimla kake so, za mu ba ka. Rubuta."

Attahir ya ɗauki alƙalami, don shekara takwas ba a taɓa ce masa ya rubuta ba. Nan take kwamitin da ya yi kwana uku bebe ya ɓalle da magana. Manzo ya ce a sa ba ta da amfani. Rissa, wanda ya dawo, ya ce a ƙara cewa ko kare ba zai shinshine ta ba, Liman ya aiko a cire kare. Aka yi gardama mai zafi a kan ko a ce za ta mutu. Zalika ta hana: ba a kiran mutuwa, raini kawai ake yi. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da gudummawarsa. Kafin azahar an daidaita:

"Wannan koperatif Ajuji ce, ba ta da amfani, ba mai son ta, kuma nan da shekara ashirin ba abin da za ta zama, a bar ta inda aka gan ta."

Yatsa tara ake buƙata. Mutum sittin da ɗaya suka dangwala, har tawada ta ƙare aka koma baƙin tukunya.

Attahir ya dubi takardar, ya ga arewa inda babur ba ya zuwa. Amma bai yi karatu a banza ba. Ya ce, cikin ladabi, tunda allon kashi biyu ne, sai a sa wannan a ɓangaren Hausa, shi kuma ya ɗan gyara na Faransanci yadda baƙi za su fahimta.

"Gyara kamar yaya?" in ji Manzo.

"Ɗan zaƙi kaɗan, Baba. Ai abin da ke ɗauke su ba ya jin Faransanci."

Aka shiga nazari. Tambaya ce ta ilimi, kuma an ba ta haƙƙinta. Rissa ya ce a iya saninsa irin waɗannan abubuwa suna jin Tamajak da Hausa, wataƙila da ɗan Fillanci. Attahir ya fara jin iska. Sai Manzo ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ukun da suka mutu, da wane harshe aka rubuta allunansu?"

"Da Faransanci," in ji jama'a.

"To ashe ya fi mu ji. Wataƙila ma a lakwal ya yi karatu." Ya nuna Attahir da sanda. "Ka rubuta shi daidai, kalma da kalma. Zan karanta da kaina. In na ga zaƙi ko na ƙwayar gero, mu janye yatsunmu."

Haka aka yi. Manzo ya tsaya a kansa yana duba kowane harafi, har ya gyara masa wani wuri da ya ce rainin bai fito sosai ba. Allon ma ba a yarda da sabon katako ba, ƙyauren da ya faɗo aka rubuta a kai. Attahir ya roƙi a kafa shi a ƙofar magaza. Aka kafa shi a juji, bayan gari, tsakanin fasassun tukwane da toka.

Sauran kwanakin Attahir ya yi su yana tunanin yadda ake rayuwa da dabino da gishiri kawai.

Ranar zagaye mota ta iso da hantsi. Ba makaɗa, ba guɗa, ba yaran da aka jera. Mutanen gari sun sa tsofaffin kayansu, kowa ya kama harkarsa kamar ba a yi baƙi ba, ko da yake an kai musu ruwa da fura, don ba da baƙi ake rainin ba. Ilyasu ya fito yana gyara kwala. Baturen ya biyo shi, dogo, jajir, da alamar wanda ya kwana uku yana cin naman rago ana masa jawabi.

"Ina allon?" in ji Ilyasu.

"Yana... ta nan baya, Shef."

Suka bi shi. Wata akuya tana tsaye gaban allon tana cin tsumma, aka kore ta. Ilyasu ya karanta na Hausa, ya karanta na Faransanci da fatan ya bambanta. Ya matso kusa da kunnen Attahir.

"Ka sayi bargo," ya ce. "Can da sanyi."

Baturen ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sa'annan ya tambayi wanda ya rubuta. Attahir, wanda ba shi da sauran abin da zai rasa, ya gaya masa gaskiya duka: gyaɗa, rumbu, awaki, wabi, juji. Wannan ne karo na farko da ya ba na gaba da shi rahoton abin da ya faru da gaske, har ya ji harshensa yana masa baƙo.

Baturen ya ce a tambayi jama'a ko za su yarda a sassauta kaɗan. A cire "ba ta da amfani", a sa "tana da ƙalubale".

Ashe duk garin yana laɓe bayan danga yana saurare. Suka fito gaba ɗaya. Manzo yana ɗaga sanda yana zuba Faransancin bariki, mata suna ihu, Rissa ya tsaya gaban allon ya harɗe hannu. Zalika ta ratsa taron ta tsaya gaban Baturen, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Gaya masa, ɗana, uku muka binne. Wannan ba zai kashe mana ita da bakinsa ba. In yabo ya kawo, ya kai wani garin."

Attahir ya fassara. Baturen ya zauna a kan wani fasasshen turmi, ya fito da littafi. Ya ce ƙauye goma sha ɗaya ya zaga, ya ga allo goma sha ɗaya, kuma duka goma sha ɗayan za su zama rumbun Damargu. A ko'ina ya tambayi mutane abin da aka rubuta, suka ce a tambayi mushe. A wani garin ma allon a kife aka kafa shi, ba wanda ya lura. Nan ne kaɗai ya ga jama'ar da ta san hangenta da ka, kuma take shirye ta fasa masa kai a kansa. Ya ce wannan shi ne abin da littattafai suke kira mallakar jama'a, shi kuma bai taɓa ganinsa da ido ba sai yau.

Ilyasu, wanda ya yi shekara ashirin a aikin gwamnati, bai ɗauki ko daƙiƙa ba wajen juyawa. Ya dafa kafaɗar Attahir.

"Sabuwar dabara ce da muke gwadawa a sabis ɗinmu. Ni na zaɓo shi da kaina."

"Madalla," in ji Baturen. Ya ce Tudun Aduwa za ta zama ƙauyen gwaji na furoje gaba ɗaya. Sharaɗinsa ɗaya: wannan ma'aikacin kada a taɓa shi, aƙalla shekarar farko.

"Shef," in ji Attahir da ƙaramar murya, "hatimin fa? Ai ya burge shi."

"Ya burge shi fiye da kima. Shekara ɗaya ce, Attahir. Baɗi ka sake rubutawa, ni da kaina zan bi maka."

Motar ta tafi. Mutanen gari suka watse ba tare da kowa ya ce an yi nasara ba. Manzo dai da zai wuce ya ce, "Mushe, aikinka bai yi kyau ba ko kaɗan," ya kama hannunsa ya girgiza da ƙarfi har sau uku.

Shekarar ta wuce. Aka kawo sabon ƙyaure, aka shafa masa laka don kada ya yi ƙyalli. Aka kawo irin gero, aka shigar da shi magaza ana cewa ƙaiƙayi ne. Baƙi suka riƙa zuwa daga Yamai ana kai su juji suna ɗaukar hoto. In an tambayi mutanen gari yadda koperatif take, sai su taɓe baki su ce tana nan dai, ba ta mutu ba tukuna.

Bayan kaka Attahir ya zauna rubuta takarda ta tara. Ya fara kamar kullum: cikin girmamawa da farin ciki yana neman a dube shi, ga iyali, ga shekarun aiki, ga yabon Bature. Ya tsaya. Ya tuna takwas ɗin da suka gabata, kowace cike da yabon kansa da yabon Damagaram, da yadda ta takwas ta zo har aljihun tebur ta koma. Shi mutum ne mai ilimi, bai yarda da camfi ba. Amma ya ga abin da ya gani, kuma gwaji ba ya cin komai. Ya yage takardar, ya ɗauki sabuwa, ya rubuta cewa shi ma'aikaci ne marar amfani, ba mai son sa, Damagaram ba ta dame shi ba, iyalinsa ma sun saba da rashinsa, a bar shi inda aka gan shi. Ya kai wa Zalika ya karanta mata. Ta ce ko ita ba za ta iya raina shi fiye da haka ba.

Kwana tara amsa ta zo daga Yamai, da hatimi biyu. Tunda aka kafa sabis ɗin ba a taɓa amsa takardar kowa da wannan sauri ba. An rubuta cewa an duba buƙatarsa da idon rahama, an yaba da sadaukarwarsa, kuma an amince: ya ci gaba da zama a gurbinsa har sai ya yi ritaya.

Attahir ya karanta ta a tsaye, a ƙofar biro. Ilyasu ya leƙo ta taga ya taya shi murna, ya ce takardar za ta shiga cikin misalan da ake nuna wa sababbin ma'aikata. Sa'annan ya tuna masa cewa akwai baƙi huɗu daga Yamai da ke jiran a kai su juji kafin rana ta yi zafi.